Jirgin da ke sauka a kan rairayi: abin da tsibirin Barra ya tuna mini game da Kano

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na rundunar sojan saman Birtaniya suka sauka a Kano. Sun taso ne daga Helwan, kudu da birnin Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Hartum da Alfashir da Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sannan Maiduguri. Duk wanda ya san tarihin aikin Hajji a ƙasar Hausa zai gane wannan hanya, domin kusan ita ce kakanninmu suke bi a ƙasa, wasu a kan jaki, wasu a kan raƙumi, mafi yawa da ƙafa, su shafe watanni ko shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Jiragen nan kwana shida suka yi a kanta.

Jiragen ƙanana ne, samfurin DH.9A, kowanne da inji ɗaya da mazaunin mutum biyu, fukafukansu hawa biyu, an ƙera su da katako an lulluɓe da ƙyalle. A ranar babu filin jirgin sama a Kano, babu kwalta, babu hasumiyar da za ta yi wa matuƙi jagora. A filin da Turawa ke wasan dawakai suka sauka, a kan ƙasa tsagwaronta. Shekara 14 kacal ke nan da isowar layin dogo Kano a 1911, wato mutanen da suka ga jirgin ƙasa na farko su ne dai suka ga na sama, a zamanin Sarkin Kano Usman.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kai-komo da wasiƙu tsakanin Hartum da Kano, kuma daga wannan shekara ake ƙirga tarihin filin da a yau muke kira Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano. A wannan shekarar ce kuma, can a ƙuryar yammacin Sikotlan, aka fara amfani da wani fili a hukumance a tsibirin Barra. Filayen biyu sa'o'in juna ne. Namu ya girma, babban titinsa ya haura kilomita uku, yana ɗaukar manyan jiragen alhazai. Nasu kuwa har gobe rairayin bakin teku ne, kamar yadda yake ranar da aka buɗe shi, kuma kusan kullum jirgi na sauka a kansa da fasinjoji. Kwatanta waɗannan filaye biyu ya sa na yi tambayar da zan gabatar wa masu karatu a makon nan: a garin neman babban jirgi, me muka bari a baya?

Filin da teku ke rufewa sau biyu a yini

Barra ƙaramin tsibiri ne a jerin tsibiran Hebrides na waje, a cikin Tekun Atlantika. Mutanensa ba su kai 1,500 ba, wato jama'ar da ke cika masallacin Juma'a guda a Tarauni sun fi su yawa. Da yawansu har yanzu suna magana da harshen Gelik, harshen kakanninsu, tare da Ingilishi. Filin jirginsu yana arewacin tsibirin, a wani shimfiɗaɗɗen rairayi da suke kira Traigh Mhòr, ma'ana babban bakin teku. An san shi a duniya da cewa shi kaɗai ne filin da jiragen fasinja masu tsayayyen jadawali ke sauka a kan rairayin da teku ke hawa ya sauka.

Titunan sauka uku gare shi, an tsara su kamar duwatsun murhu, ta yadda duk inda iska ta fuskanta matuƙi zai sami wanda zai tunkare ta. Babu wanda tsawonsa ya kai kilomita guda. Turakun katako ne aka kafa a ƙarshen kowanne don su zama alama. Idan teku ya ciko, sai ruwa ya shafe su gaba ɗaya, filin ya koma wurin kifi da tsuntsayen ruwa. Idan ya janye, sai ya bar rairayi mai danshi, a daddale kamar daɓen ɗaki, wanda ke iya ɗaukar nauyin jirgi.

Cikowar teku da janyewarsa kuwa suna bin wata ne. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya shi ke sa teku ya cika ya janye sau biyu a yini, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Cikowar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Saboda haka jadawalin jirgin Barra yana sauyawa daga rana zuwa rana. Mu da muke duban wata don azumi da Sallah bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Su ma wata ne ke faɗa musu lokacin tashi.

Yini guda a tsibirin

Na je Barra ne a tsakiyar shekara, lokacin da yini ke da tsawo a can, sa'ad da wani aiki ya kai ni birnin Gilasgo na sami rana guda da ba ni da komai. A ranakun da ake yin sawu biyu, mutum yana iya bin jirgin farko ya dawo a na biyu, ya sami 'yan sa'o'i a tsibirin. Kamfanin Loganair ne ke jigilar, da jirgi samfurin Twin Otter, ƙirar Kanada, wanda ya fara tashi tun 1965. Injuna biyu gare shi masu farfela, tayoyinsa ba sa naɗewa, kujerunsa ba su wuce 19 ba. Cikinsa bai fi na motar bas da ke zuwa Wudil faɗi ba, kuma daga kujerata ina kallon matuƙan biyu suna aikinsu. Ɗayansu ne ma ya juyo ya yi mana bayanin matakan kariya da bakinsa kafin mu tashi.

Mun yi sa'a ɗaya da 'yan mintoci a sama. Da yake jirgin ba ya yin nisa da ƙasa sosai, sai ka ga duwatsu da tafkuna da tumaki kamar an watsa auduga, daga nan sai teku da tsibirai. Da muka matso, na duba ta taga ina neman kwalta, ban ga komai ba sai farin rairayi da ruwa kwance a kansa jefi-jefi. Na yi addu'ar da kowane Musulmi zai yi a irin wannan hali. Tayoyin suka taɓa ƙasa a hankali, ruwa ya fantsamo har gilashin taga, kafin in gama sauke numfashi jirgin ya tsaya. Muka sauko muka taka rairayi da takalmanmu zuwa wani ɗan gini wanda bai fi ajin makarantar firamare biyu ba. Wurin karɓar kaya kuwa wata 'yar rumfa ce irin ta jiran mota.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa ake yi a wurin. Akwai ƙaramar hasumiya da mai magana da matuƙi, akwai 'yan kwana-kwana da motarsu, kuma kafin jirgi ya iso sai an zaga rairayin an tabbatar teku bai bar wani abu da zai yi lahani ba. Akwai wata doguwar jakar ƙyalle mai kama da hannun riga da ake ɗagawa a kan sanda. Tana nuna inda iska ta nufa, tana kuma sanar da masu tsintar ƙumbar teku da masu yawon shan iska cewa su kauce, filin yana aiki. Idan larura ta taso da dare, fitilun motoci ake haskawa a rairayin.

Na hau motar haya zuwa Castlebay, babban garin tsibirin, inda wata tsohuwar ganuwa mai suna Kisimul take zaune a kan dutse a tsakiyar ruwa. Na ci kifi, na zaga, na dawo na yi sallar Azahar da La'asar ƙasaru a kan ciyawa bayan filin, inda tudun yashi ya raba shi da wani bakin tekun mai fuskantar Atlantika. Kafin ruwa ya dawo muka tashi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne abokan tafiyata. Mu masu zuwa kallo ba mu fi rabi ba. Sauran 'yan gari ne: wata dattijuwa da ta je ganin likita a Gilasgo, wani saurayi da jakar makaranta, wani ma'aikaci da akwatin kayan gyara. A wurinsu jirgin nan motar gari ce. In ba shi ba, sai jirgin ruwa daga garin Oban, tafiyar kusan sa'a biyar idan teku ya kwanta.

Wa ke biya?

Tsibiri mai mutum dubu da 'yan kai ba zai iya ciyar da kamfanin jirgin sama ba, wannan ko ɗan koyo a kasuwar Kantin Kwari ya sani. Gwamnatin Sikotlan ce ke cike giɓin. Ta ayyana hanyar Gilasgo zuwa Barra, da ta Tiree da ta Campbeltown, a matsayin hanyoyin da wajibi ne a riƙa bi saboda maslahar jama'a. Takan fitar da kwangila, kamfanoni su yi takara, wanda ya ci ya ɗauki alkawarin yawan sawu da iyakar kuɗin kujera, gwamnati ta biya shi abin da cinikin tikiti bai rufe ba. Filin kansa mallakar wani kamfanin gwamnati ne da ke kula da filayen jiragen tsaunuka da tsibiran ƙasar, kuma a 2015 gwamnatin ta sayo sababbin Twin Otter guda biyu domin waɗannan hanyoyi. Jiragen ruwan da ke zuwa tsibiran ma na kamfanin gwamnati ne, da tallafinta suke tafiya.

Hujjarsu mai sauƙi ce. Idan zuwa asibiti ko jami'a ko kotu ya gagari mutanen tsibiri, matasa za su tafi ba za su dawo ba, makaranta ta rufe, harshen ya mutu, tsibirin ya zama kufai. Sun ga haka da idonsu: a 1930 aka kwashe ragowar mutanen tsibirin St Kilda su 36, har yau ba a sake zaman gari a wurin ba. Wasu ƙasashen ma suna da irin wannan tsari. Amurka tana tallafa wa jirage zuwa ƙananan garuruwa tun 1978, Indiya ta ƙaddamar da nata a 2016. Ostireliya tana da likitocin da ke zuwa wa majiyyata a jirgi tun 1928, an kuma kafa irinsu a Gabashin Afirka a 1957.

Tsibiranmu na ruwa da na tudu

Wani zai ce ina ruwan Bakano da tsibiri, alhali tsakaninmu da teku tafiyar sama da kilomita dubu ce? Amsa ita ce muna da tsibirai, har iri biyu. Akwai na ruwa. A Tafkin Chadi akwai ɗaruruwansu, inda Hausawa masunta da fataken banda suka daɗe suna zaune tare da Buduma da Barebari, daga Baga har Darak ta Kamaru. A Kogin Kwara, wajen Yawuri, akwai mutanen da sunansu ma daga tsibiri ya samo asali, wato Gungawa, waɗanda aka tashi da yawansu daga gungunansu lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968. Akwai kuma tsibiran tudu: garuruwan da damina ke yanke wa hanya a fadamun Haɗeja da Nguru, da ƙauyukan saman tsaunin Mambila, da garuruwan da a 'yan shekarun nan tsoron 'yan bindiga ya mai da hanyarsu abin bi da rakiyar soja. Duk garin da mace mai naƙuda ba za ta iya fita daga cikinsa da dare ba, tsibiri ne ko da babu ɗigon ruwa a kewayensa.

Mu mazauna Darmanawa muna ganin ƙarshen wannan tafiya kullum, saboda maƙwabtakarmu da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Mutane suna zuwa masa daga Jigawa da Katsina da Yobe da Bauchi, har da Damagaram da Maraɗi. Kusan kowane magidanci a unguwar nan ya taɓa saukar da ɗan'uwa ko ɗan garinsu da ya kawo majiyyaci. Ka zauna da su bayan sallar Isha'i ka ji labarin hanya: an fito da mara lafiya a amalanke ko a babur zuwa bakin titi, an jira mota ta cika, an sauya mota sau biyu, an iso bayan yini guda. Likita yana iya ƙoƙarinsa, amma sau da yawa hanya ta riga ta cinye sa'o'in da ake buƙata.

Masana lafiyar mata suna magana a kan jinkiri iri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya a Nijeriya suke, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Jinkiri na biyu batun sufuri ne tsantsa. Haka manomin da kububuwa ta sara a gona, wanda maganinsa ke Kaltungo, rayuwarsa tana rataye ne a kan tsawon hanya.

Abin da muka gina

A cikin shekaru ashirin da suka wuce jihohin Arewa sun shiga tseren gina manyan filayen jirgin sama. Gombe ta gina, Dutse da Birnin Kebbi da Bauchi suka buɗe nasu, Damaturu ta yi na dakon kaya. Kowanne an shimfiɗa masa dogon titi domin babban jirgi. Ba na musun amfaninsu ga alhazai, domin dattijon da ya tashi daga jiharsa ya huta da kwana a sansanin wata jiha. Sai dai kowa ya sani, da zarar an gama jigilar Hajji, da yawansu sai su yi tsit, in ban da jirgin gwamna ko na baƙinsa. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa ta sha faɗa cewa kaɗan ne daga cikin filayenta ke iya ɗaukar nauyin kansu.

Dalilin a fili yake. Jirgi mai kujera 150 ba zai je garin da fasinjojinsa 15 ne ba. Mun gina filin da ya fi ƙarfin kasuwarmu, sannan muna mamakin rashin jirgi. Wanda zai je Sakkwato ko Yola daga Kano ta sama, sau da yawa sai ya bi ta Abuja ya sayi tikiti biyu. Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Twin Otter yana iya tashi a filin da bai kai rabin kilomita ba, a kan burji ko ciyawa ko fako, yana kuma cin kusan kilomita 300 a sa'a. Cessna Caravan mai inji ɗaya, wanda ake amfani da shi a ƙauyukan Indonesiya da Gabashin Afirka, shi ma ba ya neman kwalta. Da irinsu, Nguru ko Damagaram tafiyar kimanin sa'a guda ce daga Kano.

Abin kuma ba sabo ba ne a wurinmu. Kamfanin jiragen Afirka ta Yamma da aka kafa a 1946 ya fara ne da ƙananan jirage samfurin Dove, yana haɗa garuruwan lardi. Garuruwa irin su Gusau da Potiskum da Nguru sun san filin saukar ƙaramin jirgi tun kafin a haifi yawancinmu. A Jamhuriyar Nijar, asibitin Galmi da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa ya daɗe yana da ɗan filinsa, inda ƙaramin jirgin mishan ke kawo likitoci daga Yamai. A Borno, jirage masu saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ke kai ma'aikatan agaji Monguno da Ngala da Rann. Wato inda aka ga ƙaramin jirgi yana yi wa talaka aiki a yankinmu, galibi baƙo ne ya kawo shi, kuma ranar da kuɗin baƙon ya yanke, aikin ya tsaya. Alhali a Zariya muke da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama tun 1964, tana yaye matuƙa da injiniyoyi, wasunsu suna zaune a gida suna neman inda za su tara sa'o'in tashi.

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu suna da nauyi. Ta farko ita ce tsaro. Filin da babu mai gadinsa ƙofa ce ga mai safarar makamai ko zinariya, kuma saboda irin wannan zargi ne Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara a watan Maris na 2021. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake magana a kan filaye 'yan kaɗan masu rajista, kusa da gari, da jami'an tsaro a kansu, da rubutaccen bayanin duk jirgin da ya sauka.

Ta biyu ita ce hazo da tsoron haɗari. Kano ba ta manta da ranar 22 ga Janairu, 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka mutum 176 suka rasu, ba ta kuma manta da jirgin da ya faɗa unguwar Gwammaja ranar 4 ga Mayu, 2002 ba. Ƙaramin jirgi bai fi babba aminci ba, ya ma fi shi jin iska da hadari. Abin da ke tsare mutanen Barra shi ne doka da ba a sassauta wa kowa: matuƙa biyu, awon nauyin kaya, gyara a kan lokaci, da ikon matuƙi ya ce yau ba za a tashi ba, komai girman wanda ke jira. Hazon hunturu zai hana tashi na wasu kwanaki a Disamba da Janairu, kamar yadda hazon teku ke hana su. Amma lokacin da hanyoyinmu suka fi lalacewa damina ce.

Ta uku ita ce mafi ƙarfi: talakan da bai da kuɗin mota, ina shi ina jirgi? Ashe ba gara a gyara hanya da asibitin karkara ba? Na yarda hanya da asibiti su ne gaba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da suka fito daga Badau za su Mauludi. A watan Mayun shekarar, wani jirgin ruwan ya nutse kusa da Wara a Jihar Kebbi da mutum sama da ɗari. Babu jirgin saman da zai ceci waɗannan bayin Allah. Abin da suke buƙata shi ne jirgin ruwa mai lafiya, da rigar kariya, da jami'in da zai hana lodi fiye da ƙima. Sai dai ƙa'idar ɗaya ce da ta Barra: hukuma ta ɗauki isar mutum gari a matsayin haƙƙinsa, ta biya abin da kasuwa ba za ta biya ba. A wani wurin wannan yana nufin gada, a wani kwale-kwale mai inji, a wani kuma ɗan fili da ƙaramin jirgi. Ko jirage marasa matuƙi da kamfanin Zipline ya fara aikawa da magani da su daga Pambeguwa ta Jihar Kaduna a 2022 suna cikin wannan lissafi, duk da cewa suna kai jini ne ga majiyyaci, ba sa ɗauko majiyyacin.

Shawara

Abu na farko ba ya cin kuɗi mai yawa. Kowace jiha ta binciko tsofaffin filayen saukar jirgi da ke ƙasarta, ta auna su, ta kafa musu turaku, ta yi musu takarda. Mu da muka ga yadda awon igiya ya cinye gonakin da ke kewaye da Darmanawa cikin 'yan shekaru mun san cewa filin da ba a killace ba, gobe gidaje ne, kuma ba a rushe unguwa don a dawo da fako.

Na biyu, Hukumar Raya Arewa maso Yamma da aka kafa a 2024, mai hedikwata a nan Kano, da takwararta ta Arewa maso Gabas da ke Maiduguri, su gwada hanyoyi biyu ko uku na tsawon shekara biyu. Kada gwamnati ta kafa kamfanin jirgi nata, mun ga ƙarshen Nigeria Airways. A ba da kwangila a bainar jama'a, a ƙayyade sawu da kuɗin kujera, a ware gurbin gadon majiyyaci wanda likita ne kawai zai cike shi da sa hannunsa, a riƙa buga yawan fasinjoji da abin da aka kashe duk wata uku. Idan kujerun suka koma na 'yan siyasa da iyalansu, alƙaluman za su tona, a rufe.

Na uku, duk naira ɗaya da za a sa a wannan gwaji, a sa irinta a jiragen ruwa da rigunan kariya a Bagwai da Yawuri da Goronyo da Baga, domin a can ne ake asarar rayuka a kowace damina.

Ƙarni guda ke nan da jirgi ya sauka a kan ƙasar Kano ba tare da kwalta ba. Fakon yana nan, matuƙan suna Zariya, majiyyatan kuma suna kan hanya a daren yau, wasu a bayan babur. Ina roƙon 'yan majalisunmu na jiha da na tarayya, musamman masu wakiltar garuruwan nesa, su ɗauki wannan batu zuwa zauren kasafin kuɗi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda hanya da ruwa suka ci, Ya sa shugabanninmu su ji.